Jagorar Sayen Ɗakin Goyo na A-kori-kura: Yadda Ake Gane Mai Ƙwari da Yadda Ake Kula da Shi

A Amurka da Kanada, har da Ostareliya, akwai wani irin ɗaki da ake ɗora wa a-kori-kura a baya, ta yi ta yawo da shi. Ba shi da taya, ba shi da inji. Ƙafafu huɗu gare shi a kusurwoyi, su ne ke ɗaga shi sama, mota ta yi ribas ta shige ƙarƙashinsa, a sauke shi a cikin bodinta, a ɗaure. A ciki akwai gado a saman kan direba, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, manya kuma har da makewayi da wurin wanka. Mafarauta da masunta da waɗanda suka yi ritaya su ne manyan masu sayensa, domin yana shiga lungun da tirela ba ta shiga, kuma mota tana iya jan kwale-kwale alhali tana goye da shi. In an dawo gida sai a sauke, mota ta koma aikinta na kullum.

Abu biyu ne suke kashe ɗakin goyo: nauyi da ruwa. Sauran matsaloli, irin su famfon da ya ƙi ja ko murhun da ya ƙi kamawa, gyaran yini ɗaya ne. Amma ɗakin da ya fi ƙarfin motarsa, ko wanda ruwa ya shiga bangonsa ya ruɓar da katako, wannan asara ce mai tafiya da miliyoyi, wani lokaci har da rai. Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su. Kyan labule da launin kujera suna can ƙarshe, in ma sun samu shiga.

Mataki na farko: auna motarka kafin ka kalli kowane ɗaki

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙinta. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka akwai takarda manne a wurin, tana faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar za ta iya ɗauka. Wannan lambar ita ce taka. Ka manta da wadda ka gani a talla, domin ita ta motar da ba a ƙara mata komai ba ce. Injin dizal ya fi na fetur nauyi, ƙofa huɗu ta fi biyu, mai jan taya huɗu ta fi mai jan biyu, kuma duk kilon da aka ƙara wa mota daga kason kayanta ake cire shi. Ford F-150 biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta da ɗaruruwan kilo.

Amma takardar ma ba ta san abin da aka ƙara bayan mota ta bar masana'anta ba. Don haka ka cika tankin mai, ka shiga da wanda za ku riƙa tafiya tare, ku je sikelin manyan motoci. A Amurka da Kanada akwai sikelin CAT a tashoshin da direbobin tirela ke tsayawa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana ba da nauyin gaba daban, na baya daban. Ka cire abin da ya nuna daga iyakar nauyin motar gaba ɗaya, wadda ke rubuce a jikin ƙofa da haruffan GVWR. Abin da ya rage shi ne abin da za ka iya ɗorawa. Ka kuma lura da iyakar aksil na baya, mai alamar GAWR, saboda kusan duk nauyin ɗakin a kansa yake sauka.

Yanzu sai lissafin ɗakin. Nauyin da kamfani ke bugawa na busasshen ɗaki ne: ba ruwa, ba gas, sau da yawa ba batir, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba rumfa. A ce motarka tana da sauran kilo 900, ka ga ɗaki an rubuta kilo 800, ranka ya yi fari. To zauna ka tara. Tankin ruwa mai lita 110 kilo 110 ne. Tukunyar gas mai laba 20 idan ta cika tana kai kilo 17. Batir biyu na gargajiya sun haura kilo 50. Ƙarafunan ɗauri, a ce kilo 30. Abinci da tufafi da tukwane da bargo da kayan gyara, da wuya su gaza kilo 150. Ka riga ka wuce kilo 1,150, ka zarce iyaka da fiye da kilo 250, ba ka ma ɗauki baƙo ba. A nan ne akasarin sababbin masu saye suke faɗawa, kuma ba kowane dillali ne zai ja kunnensu ba, tunda sayarwa ya zo yi.

Za a ce maka a sa balan-balan na iska a baya, ko a ƙara sifirin, ko a sauya shokozoba. Waɗannan suna gyara tsayuwar mota, suna rage tangaɗi, kuma ina ganin amfaninsu ga motar da ke cikin iyakarta. Amma ba su ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da birki da aksil da shasi aka gina su ɗauka. Motar da ta yi lodi fiye da kima tana daɗewa kafin ta tsaya, tayarta tana zafi, kuma a gangaren duwatsun Kolorado ko Montana birkin da ya yi zafi ba ya jin roƙo.

A taƙaice, ƙananan motoci irin Toyota Tacoma da akasarin na ajin da ake kira masu rabin tan (sunan aji ne kawai, ba ainihin nauyin da suke ɗauka ba) irin F-150 da Ram 1500, ɗaki mara nauyi mai rufin da ake ɗagawa ne ya dace da su. Ɗaki mai bango tsayayye da makewayi yana son mota ta ajin da ake kira mai tan ɗaya, irin F-350 ko Ram 3500 ko Silverado 3500. Manyan da ke da ɓangaren da yake zamewa waje ya faɗaɗa ɗaki, irin na kamfanin Host da ke Bend a jihar Oregon, sai mai taya huɗu a baya.

Sauran awo uku, da tef za ka yi su. Tsawon bodi: akwai na ƙafa 5.5, da 6.5, da 8, kuma kowane ɗaki da tsawon da aka yi shi dominsa. Tsakiyar nauyi: kamfanoni suna sa alama a gefen ɗakin, kuma dole alamar ta faɗa a kan aksil na baya ko gabansa kaɗan. In ta faɗa baya, tayoyin gaba za su yi sakayau, sitiyari ya daina kama hanya. Sai ratar da ke tsakanin rufin mota da ƙasan gadon da ya leƙo samansa. Sababbin motoci sun fi na da tsayi, don haka tsohon ɗaki yakan buƙaci a yi masa dandamali a ƙasa, in ba haka ba duk ramin da aka faɗa sai ya daki rufin.

Mataki na biyu: da me aka gina shi?

Gini iri huɗu za ka tarar a kasuwa, kuma kowanne da inda yake ciwo.

Mafi daɗewa shi ne ƙashin katako da fatar alminiyum mai layi-layi. Yana da araha, yana riƙe ɗumi, kuma kafinta mai hankali zai iya ɓare fatar ya sauya katakon da ya lalace. Aibinsa, ruwa in ya shiga, ruɓewa ba ta tsayawa inda ta fara.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a yau: ƙashin alminiyum, da soso mai tauri a tsakiya, da fatar faiba mai santsi a waje, duk an manne su da gam a matse. Lance na Lancaster a Kalifoniya, wanda yake wannan sana'a tun 1965, da Arctic Fox na kamfanin Northwood a La Grande ta Oregon, suna cikin sanannun masu irin wannan gini. Mutane suna jin "alminiyum" sai su ɗauka an rabu da ruɓewa. Ba haka ba ne. A bayan faibar akan sa siririn falanki, kuma a daɓe da wuraren ɗaure sukurori akan samu katako. Falankin nan in ya sha ruwa, gam ya saki, fatar ta kumbura ta rabu da bango. Gyaran wannan yana da tsada ƙwarai, wani lokaci ya fi kuɗin ɗakin. Wasu kamfanoni sun koma amfani da allon Azdel, wanda ba katako ba ne kuma ba ya ruɓewa. Ka tambaya ko da shi aka yi.

Na uku, a ganina, shi ya fi kowanne jure ruwa: faiba da aka zuba a mazubi gida biyu, sama da ƙasa, aka haɗa su a tsakiya, yadda ake ƙera kwale-kwale. Northern Lite na Kelowna da Bigfoot na Armstrong, dukansu a lardin British Columbia na Kanada, su ne suka yi suna a nan. Ba su da gaɓa a kusurwoyin rufi, wato an rage ƙofofin da ruwa ke bi. Suna da tsada, kuma tsofaffinsu ba sa faɗuwa a farashi da wuri. Duk da haka an huda su domin taga da fanka da bututun firji, kuma kowace huda tana iya yoyo.

Na huɗu shi ne mai rufin ɗagawa. Four Wheel Campers na Woodland a Kalifoniya, wanda ya fara a 1972, yana yin nasa da ƙashin alminiyum na walda da bangon tamfol a sama. Ba nauyi, ba tsayi, iska ba ta ture shi, ya dace da hanyar daji. A nan abin dubawa shi ne tamfol ɗin: ɗinki, zif, fumfuna, da abin ɗaga rufin. Alaskan na jihar Washington shi kuma rufinsa na hawa da sauka amma bangon mai tauri ne.

Kada sunan kamfani ya rufe maka ido. Da hannu ake haɗa waɗannan ɗakuna, kuma biyu da suka fito daga layi ɗaya a mako ɗaya suna iya bambanta. A 2021 masana'antun motoci da tirelolin yawon buɗe ido masu ɗakin kwana na Amurka sun fitar da sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma aikin gaggawa ba ya rasa tabo. Ɗakin da aka yi a tsakanin 2020 da 2022 ya cancanci ƙarin bincike. Hanyar gane hannun ma'aikaci ita ce leƙa inda ba a sa ran za ka leƙa: zaro aljihun kabad ka haska bayansa, ɗaga katifa, buɗe ƙofar wurin batir. Wayoyi a ɗaure suke cikin tsari ko a watse? An sa roba a inda waya ta ratsa ƙarfe? An share garin katako ko an bar shi? Kabad da sukuru aka kafa shi ko da ƙananan ƙusoshin bindiga kawai? Wanda ya tsabtace inda ba a gani, da wuya ya yi ha'inci a inda ake gani.

Mataki na uku: farautar ruwa

Wannan shi ne matakin da ba a yi masa gaggawa. Ka ware masa sa'a biyu ko uku, da rana, kuma in son samu ne bayan an yi ruwan sama. Ka tafi da tocila, da tsani, da sukudireba, da na'urar auna danshi, wadda ake samu da arha a shagunan kayan gini.

Fara da hanci. Ka nemi a bar ɗakin a rufe kafin ka zo. Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙa. Warin ruma ko na tsohon rigar da ta kwana a jiƙe yana nufin akwai danshi a wani wuri. Ƙamshin turare mai ƙarfi, ko tagogi duk a buɗe ana jiranka, shi ma abin tambaya ne.

Daga nan hau gadon da ke saman kan direba. Wannan ɓangare shi ne ya fi shan wuya: shi ke karo da iska da ruwa a gudun kilomita 100, shi ke lilo a kowane gargada, kuma tsofaffin ɗakuna da yawa suna da taga a goshinsa, wadda ta shahara da yoyo. Cire katifar gaba ɗaya. Danna kusurwoyin da babban yatsa, ka bi gindin bango ka kewaye. Katako mai lafiya ba ya lotsawa. Duba tabon ruwa, da takardar bango da ta yi ƙuraje, da kan sukuru mai tsatsa. Ɗora na'urar danshi a wurare da yawa ka kwatanta. Ba lamba ɗaya ake nema ba, bambanci ake nema: in ko'ina yana nuna kaɗan, kusurwa ɗaya ta yi sama, ka gano wurin. Katakon da danshinsa ya zauna sama da kashi 20 cikin ɗari yana kan hanyar ruɓewa.

Haka za ka bi cikin kowane kabad na sama, da kewayen fankar rufi, da ƙarƙashin kowace taga, da daɓen bakin ƙofa, da gindin makewayi. Taka daɓen ko'ina da nauyinka. Inda ya yi taushi, ruwa ya riga ka zuwa.

Fita waje ka tsaya a kusurwa, ka kalli bangon a karkace yadda hasken rana zai kwanta a kansa. Kumburi ko igiyar ruwa a jikin faiba alamar gam ya saki ne. Danna wurin da tafin hannu; in ya motsa ko ya yi ƙara, haka ne. Sannan sunkuya ka duba ƙarƙashin fikafikan, wato ɓangarorin da suka leƙo saman gefen bodin mota. Ruwan da ya gangaro daga sama nan yake taruwa, kuma nan ne zoben ɗauri suke. Nemi izinin mai shi ka kwance sukuru ɗaya ko biyu a gindin bango. In ya fito fes, madalla. In ya fito da tsatsa da baƙin gari, ko yana juyawa bai kama komai ba, katakon da ke ciki ya mutu.

Sai rufi. Yawanci roba ce, EPDM ko TPO, wasu alminiyum, wasu faiba. Rufin kansa ba kasafai yake yoyo ba, gaɓoɓinsa ne suke yi: kewayen fanka, eriya, bututun iska, ƙafar tsani, fitilun goshi, da layin da rufi ya haɗu da bango. Gam ɗin da aka shafa a wuraren nan ya kamata ya zama mai laushi, a manne, ba tsaga. Wanda ya bushe ya tsattsage ya gama aiki. Tarin gam sabo a wuri ɗaya yana nuna an yi fama da wurin. In kuma ka ga silikon a kan rufin roba, ka san mai shi bai san aikin ba, domin silikon ba ya kama roba da kyau, kuma ba abin da yake mannuwa a kansa, ko da wani silikon ɗin ne. Sai an kankare shi tas.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Ruɓewa a gadon gaba, ko a kusurwar da ƙafa take, ko a wurin zoben ɗauri, dalilin juyawa ne a tafi, komai arha. Abin da ido ya gani kullum kaɗan ne daga abin da ke cikin bango. Sai fa in kai ma'aikacin katako ne mai rumfa da lokaci, kuma an ba ka shi kusan kyauta.

Mataki na huɗu: ƙafafu da ɗauri

Ka sa a ɗaga ɗakin a gabanka har ƙarshe, a sauke. Ƙafafun, na hannu ne ko na lantarki irin na Happijac da Rieco-Titan, su tafi sumul ba tare da ƙara ko tsayawa ba. Idonka ya kasance a kan ƙarfen da ya haɗa ƙafa da kusurwa: in yana motsi, ko bango yana buɗewa a kewayensa, kusurwar ta raunana. Ɗaki mai tan ɗaya ko biyu a tsaye kan ƙafa huɗu sirara, kusurwa ɗaya ta saki, ba a son ganin abin da zai biyo baya.

Ɗauri wuri huɗu ne, biyu gaba biyu baya. Akwai wanda ake kafawa a shasi, irin na Torklift, akwai wanda ake kafawa a bodi da bamba. Ga ɗaki mai nauyi na fi natsuwa da na shasi. Abin ɗaurewar ya zama mai sifirin a ciki, aƙalla na gaba, domin shasin mota yana murɗawa a hanya mara kyau, in ba inda zai ba da kai sai ya fizge zoben daga jikin ɗakin. Cika ɗaurewa ma yana yin wannan ɓarnar. A cire rufin leda mai santsi da ake sa wa bodi, a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri don kada ɗakin ya zame.

Mataki na biyar: a kunna komai

Kada ka karɓi "yana aiki" da baki. Ka gaya wa mai shi tun kafin ka zo ya cika tanki, ya kunna firji tun daren jiya, domin firjin gas yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi. Buɗe ƙofarsa ta waje ka duba baya: warin amoniya ko rawayan gari yana nufin bututun sanyinsa ya fashe, sai sabo. Kunna famfo ka rufe duk kan famfo ka saurara. In injin yana tashi shi kaɗai bayan ɗan lokaci, ruwa na zuba a wani wuri. Kunna murhu, harshen ya zama shuɗi. Kunna na'urar ɗumama ɗaki da ta dafa ruwa. Shafa ruwan sabulu a mahaɗan gas ka ga ko zai yi kumfa. Duba shekarar da aka buga a wuyan tukunyar gas: a Amurka ana sake gwada ta bayan shekara 12, a Kanada bayan 10. Na'urorin gargaɗin gas da hayaƙi mai guba suna da wa'adi, yawanci shekara 5 zuwa 7, kuma an rubuta a jikinsu. Ɗaki ƙarami ne, a rufe, ana barci a ciki. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

In akwai ɓangare mai zamewa waje, a fitar da shi a mayar sau biyu ko uku, ka duba robar kewayensa da daɓen ƙarƙashinsa. Yana ƙara fili sosai, amma yana ƙara nauyi, kuma babbar huda ce a bango.

Mataki na shida: takardu da ciniki

A yawancin jihohin Amurka ɗakin goyo kaya ne a idon doka, ba mota ba, ba a yi masa lamba. Wasu jihohi kuma suna neman takardar mallaka. Ka bincika dokar inda kake, ka kwatanta lambar jikin ɗakin da ta takardar sayarwa, ka tabbatar ba bashin banki a kansa. Ka tambayi kamfanin inshorarka ƙarara ko suna rufe shi lokacin da yake kan mota da lokacin da yake ajiye a ƙasa, domin ba lallai hukuncin ya zama ɗaya ba. In sabo ne, karanta garanti: galibi an sharɗanta duba gam a kai a kai, kuma yoyon da ya biyo bayan sakaci ba sa biya. In ba ka yarda da idonka ba, akwai masu bincike masu takardar shaidar NRVIA, ƙungiyar masu binciken irin waɗannan ɗakuna a Amurka. Tsohon ɗakin da aka ajiye a rumfa, mai shi yana da rasit na gyare-gyare, na fi son shi a kan ɗan shekara uku da ya kwana a fili ba wanda ya hau rufinsa.

Bayan ya zama naka

Hawa rufi shi ne rabin aikin. Duk bayan wata uku, da kuma bayan kowace doguwar tafiya a hanya mai gargada, ka hau ka bi gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya. Inda gam ya tsage, wanke, bar shi ya bushe, shafa sabo. A shimfiɗaɗɗen wuri ana amfani da mai kwanciya da kansa irin na Dicor, a bango kuma mai tsayawa inda aka sa shi. Tagar da take yoyo ba a yi mata kwalliya ta waje: cire ta ake yi, a sa sabon zaren butil a ƙarƙashin firam, a mayar. Rufin roba da sabulu mara ƙarfi ake wanke shi. Kananzir da fetur da duk abin da aka yi da man ƙasa suna kumbura shi.

Ba duk danshi ne daga sama yake zuwa ba. Numfashin mutum biyu da tururin girki a dare mai sanyi suna jiƙa taga da ƙasan katifa. A bar fanka a ɗan buɗe, a riƙa ɗaga katifa tana shan iska. Mai bangon tamfol kada ya naɗe shi a jiƙe ya manta. In dole ta sa, ya buɗe shi ya bushe da zarar ya isa gida.

Wajen lodi da saukewa, a nemi ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ranar da ba iska. Gaba ya kasance sama da baya kaɗan a kowane lokaci, saboda nauyin gadon yana rinjayar gaba. A riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, kada ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, kuma yara su yi nisa. Bayan an yi tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake duba ɗauri. Ka auna tsayin motar da ɗakin a kanta, ka rubuta ka manna a gaban sitiyari. Masu bango tsayayye suna kai mita 3.5 zuwa 4, kuma rumfar gidan mai ko reshen bishiya sun cire wa mutane da yawa na'urar sanyaya ɗaki.

Taya ta zama mai ƙarfin ɗaukar nauyin da sikeli ya nuna a baya, a auna iskarta da safe kafin ta yi zafi. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Batir na gargajiya kada a zuƙe shi ƙasa da rabi. Na litiyam ya fi shi sauƙin nauyi da kusan rabi kuma ya fi daɗewa, amma ba a yi masa caji a sanyin da ya kai na ƙanƙara sai in yana da abin ɗumama kansa. Firjin gas yana son mota ta tsaya daidai. Barinsa yana aiki a karkace na sa'o'i yana kashe shi a hankali. Tankin ruwan sha a wanke shi sau ɗaya ko biyu a shekara da bilic, kimanin mililita ɗaya ga kowace lita, a bar shi sa'o'i, a ɗauraye sosai. Tukunyar dafa ruwa ta kamfanin Suburban tana da sandar da ake sauyawa idan ta cinye, ita ke kare tankin daga tsatsa. Wanda yake inda ruwa ke daskarewa, kafin hunturu ya tsiyaye komai ya zuba ruwan nan na hana daskarewa mai launin ruwan hoda da aka yi domin bututun ruwan sha. Na radiyeta guba ne, ba ya kusantar wannan aiki.

In za a ajiye shi na watanni, a sauke shi ƙasa-ƙasa, a tallafi daɓensa da dandamali mai ƙarfi don kada ƙafafu su ɗauki nauyin su kaɗai, kuma a samu rumfa in da hali.

Mai tunanin shigo da irin wannan ɗaki Najeriya ko Nijar ya ɗora wa Hilux, ya san cewa kayan da take ɗauka ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, mutane a ciki, kuma bodin mai ƙofa huɗu gajere ne kuma ya fi na motocin Amurka ƙunci. Ƙaramin mai rufin ɗagawa kaɗai zai zauna mata, shi ma sai an auna. Wutar ɗakunan Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230, don haka sai an sa taransifoma ko an sauya caja da soket. Kan tukunyar gas ɗinsu daban yake da namu. Zafin ranar Maris da Afrilu yana busar da gam da roba fiye da yadda masu ƙera su suka yi lissafi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙafafu da bayan firji, saboda haka duban rufi sai ya koma na wata-wata, musamman gab da faɗuwar damina. Kayan gyaransa ba a samun su a kasuwannin kayan mota na gida, don haka gam ɗin rufi, da zaren butil, da famfon ruwa na ajiya, da robar taga, a sayo su tare da ɗakin a kwantena ɗaya.